Yadda nake bin diddigin tarihin kamfanonin da suka mallaki ƙananan tashoshin rediyo da talabijin a Amurka

Kusan duk kamfanin da ya mallaki tashoshin rediyo da talabijin a ƙananan garuruwan Amurka yana da shafin tarihinsa a intanet, kuma labarin iri ɗaya ne: wani jajirtacce ya fara da tasha guda, ya yi haƙuri, ya riƙe mutanen gari da amana, har arziki ya buɗe. Sau da yawa gaskiya ne. Sai dai a shafin ba za ka ga bashin da aka ciwo ba, ba za ka ga ranar da aka sallami ma'aikatan ɗakin labarai ba, ba kuma za ka ga dokar da aka sauya a Washington wadda ta buɗe ƙofar cinikin ba. Na daɗe ina tono tarihin irin waɗannan kamfanoni, domin a garin da tasharsa ɗaya ce ko biyu, wanda ya mallake ta shi ke zaɓen abin da mutanen garin za su ji game da kansu. Wannan ba ƙaramin iko ba ne, kuma ya cancanci a rubuta tarihinsa da hujja. Ga hanyar da nake bi.

Da farko ka san girman kasuwar da kake magana a kanta. Kamfanin Nielsen ya raba Amurka zuwa kasuwannin talabijin 210, ya jera su bisa yawan gidaje. New York ce ta ɗaya. Ta ƙarshe ita ce Glendive a jihar Montana, inda gidajen ba su wuce 'yan dubbai ba, kuma tashar KXGN ce ta daɗe tana riƙe da garin. Matsayin kasuwa shi ke yanke farashin talla, farashin talla kuma shi ke yanke yawan ma'aikata. Don haka kafin ka yaba wa kamfani ko ka zarge shi, rubuta lambar kowace kasuwa da yake ciki a shekarar da ya shige ta. Abin da zai zama rowa a babban birni yana iya zama iyakar ƙoƙari a kasuwa ta 190.

Bi lasisi, kada ka bi sunan tasha

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Sunan da ake kiran tasha da shi a iska yana sauyawa duk lokacin da sabon manaja ya ga dama. Haruffan kira ma, wato haruffan rajistar tasha irin su KXGN, waɗanda yawanci ke farawa da K a yammacin kogin Mississippi da W a gabashinsa, ana sauya su, har wata tasha a wata jiha ta ɗauki waɗanda aka yar. Mutum zai iya shafe kwanaki yana haɗa tarihin tashoshi biyu da babu abin da ya haɗa su sai haruffa. Abin da ba ya sauyawa shi ne lambar da hukumar sadarwa ta FCC ta ba kowace tasha a rumbun bayananta. Ka nemo wannan lambar tun farko, ka rubuta ta a gefen sunan kowace tasha, ka riƙa bincike da ita.

Za ka kuma lura cewa sunan da ke kan lasisi ba shi ne sunan uwar kamfani ba. Za ka ga irin su Saga Communications of Iowa ko Gray Television Licensee. Akwai dalili. FCC ba ta yarda a jinginar da lasisi kai tsaye ga banki ba, saboda iskar ta jama'a ce, aronta aka bayar. Sai kamfanoni suka riƙa kafa ƙaramin kamfani wanda ba shi da aiki sai riƙe lasisin, banki kuma ya karɓi hannun jarin wannan ƙaramin kamfanin a matsayin jingina. Idan ba ka san da haka ba, za ka ɗauka an sayar da tasha alhali daga aljihun dama aka mayar da ita na hagu.

Lambar fom ɗin da aka cike ita ke warware maka wannan. Fom 314 na nufin lasisi ya bar hannun wani ya koma hannun wani. Fom 315 na nufin kamfanin yana nan da sunansa, amma masu iko da shi sun sauya. Fom 316 na sauyin cikin gida ne, ko wanda ya zo ba da son rai ba, kamar rasuwar mai tasha ko shigar kamfani hannun kotu. Fom 323 kuma rahoton mallaka ne, inda ake jera masu hannun jari da daraktoci. Ni fom 315 na fi zuba wa ido, domin shi ne sauyin da mutanen gari ba sa gani: tambarin yana nan, muryoyin suna nan, amma mai yanke hukunci ya koma wata jiha.

Na shekarun da suka gabaci kwamfuta kuwa, sai katunan tarihi. Har zuwa wajen 1980 ma'aikatan FCC suna ajiye wa kowace tasha katuna da aka buga da keken rubutu, yanzu kuma an ɗauki hotonsu an ɗora a intanet. Ina son waɗannan katunan ƙwarai. Za ka ga an ja layi a kan sunan tsohon mai tasha an buga sabo kusa da shi, wani wurin an ƙara rubutu da hannu. Kowane layi yana da lambar fayil da kwanan wata da abin da aka nema: ƙarin ƙarfin na'ura, sauya zango, ƙaurar da turken watsa shirye-shirye. Lambar da ta fara da BAL sayar da lasisi ce, wadda ta fara da BTC sauyin iko ce. Idan ka ga gajeren rubutun "Invol." a gaban wani sauyi, tsaya a nan. Ko dai mai tashar ya rasu magada sun karɓa, ko bashi ya ci ta. Ɗauki kwanan watan ka tafi da shi jaridar garin. A cikin mako biyun da ke kewaye da wannan ranar za ka samu labarin da katin ya taƙaita a rabin layi.

Farashi kuma mujallar Broadcasting ce ke da shi. A 1931 ta fara fitowa, kuma shafinta na Changing Hands ya daɗe yana kawo cinikin tashoshi mako-mako: wa ya sayar, wa ya saya, nawa, waɗanne tashoshi mai sayen ke da su a wasu wurare, wane dillali ya haɗa su. Kundinta na shekara-shekara, wanda ya fara a 1935, yana jera kowace tasha da sunan manajanta da babban injiniyanta da daraktan labaranta. Shafin World Radio History ya tara yawancinsu, kuma ana iya bincike a ciki da kalma. Abu biyu za ka kiyaye. Ranar da aka sanar da ciniki daban, ranar da FCC ta amince daban, ranar da aka kammala biya daban, wani cinikin ma yana wargajewa a tsakani. Sannan farashin da aka buga wani lokaci ya haɗa da bashin da mai saye ya ɗauka, ko kuɗin da aka ba mai sayarwa don kada ya buɗe wata tasha a garin.

Jera shekarun doka a gefen shekarun kamfani

Bayan ka tara ranakun saye da sayarwa, ja layi biyu a takarda. A ɗaya ka sa na kamfanin, a ɗayan ka sa shekarun da dokokin mallaka suka sauya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan za ka ga dalilin da ya sa kamfani ya yi shekara goma shiru sannan ya sayi tashoshi takwas a shekara guda.

Daga 1948 zuwa 1952 FCC ta dakatar da ba da sababbin lasisin talabijin. Da aka ɗage takunkumin ne ƙananan garuruwa suka samu nasu, shi ya sa za ka yi ta cin karo da 1953 da 1954. WNCT-TV ta Greenville a North Carolina da KOAM-TV ta yankin Pittsburg a Kansas da Joplin a Missouri duk a Disambar 1953 suka fara aiki, WALB-TV ta Albany a Georgia kuma a 1954. Waɗanda suka kafa irin waɗannan tashoshi galibi masu jaridar gari ne ko masu rediyon gari. James H. Gray ya sayi jaridar Albany Herald a 1946 kafin ya buɗe WALB-TV, kuma daga nan kamfanin Gray ya samo asali.

A 1953 da 1954 aka kafa iyakar bakwai-bakwai: tashoshin AM bakwai, FM bakwai, talabijin bakwai ga mutum ɗaya a duk ƙasar. Wannan iyakar ce ta haifar da irin kamfanin da muke magana a kai, mai tashoshi kaɗan a warwatse, wanda mai shi zai iya zagaya su duka da mota. Daga 1962 zuwa 1982 akwai ƙa'idar da ta hana sayar da tasha cikin sauƙi kafin ta cika shekara uku a hannun mai ita. Cire ta ya mayar da tashoshi hajar saye da sayarwa. A 1975 aka hana sabon haɗa jarida da tasha a gari ɗaya. A 1983 hukuncin da ake kira Docket 80-90 ya buɗe wa sababbin tashoshin FM kusan 700 gurbi, yawanci a ƙananan garuruwa, sai tallan da ke ciyar da tasha biyu ya koma ana rabawa tsakanin biyar. Tsakanin 1984 da 1985 bakwai-bakwai ta zama sha biyu-sha biyu.

Sai 1996, shekarar da ta raba tarihin kowane kamfani gida biyu. Dokar sadarwa ta wannan shekarar ta cire iyakar yawan tashoshin rediyo da kamfani zai mallaka a ƙasa baki ɗaya. A cikin kasuwa ɗaya kuma ta yarda da takwas a manyan birane, biyar a kasuwar da tashoshinta ba su wuce 14 ba, muddin ba su haura rabi ba. Kamfanin Clear Channel ya tashi daga tashoshi kusan 40 zuwa wajen 1,200 cikin 'yan shekaru. Kowane ƙaramin kamfani ya fuskanci zaɓi: ya sayar, ko ya ci bashi ya saya, ko ya tsaya yadda yake. Abin da kamfaninka ya zaɓa tsakanin 1996 da 2000 shi ne babin da ya kamata ka fi daɗewa a kansa. A 2017 kuma FCC ta soke ƙa'idar da ta tilasta wa tasha riƙe babban ɗakin shirye-shirye a garinta ko kusa da shi, ta kuma soke haramcin haɗa jarida da tasha, Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan na biyun a 2021.

Dokokin nan suna iya raba kamfani da tasharsa ta asali. Ƙa'idojin mallaka sun sa Gray ya rabu da WALB-TV a 1998. Tashar ta bi ta hannun kamfanin Cosmos, sannan Raycom, sai a 2019 ta dawo gida lokacin da Gray ya haɗiye Raycom a cinikin dala biliyan 3.6.

Kuɗin daga ina yake shigowa, ina yake tafiya

Idan kamfanin yana kasuwar hannun jari, ko ya sayar da takardun bashi ga jama'a, ka yi sa'a. Rahotonsa na shekara, fom 10-K, yana rumbun EDGAR na SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, tun daga tsakiyar shekarun 1990. Kada hotunan shugabanni su ɗauke maka hankali. Wuce kai tsaye zuwa jadawalin tashoshi, sai bayanin bashi, sai sashen da ke bayyana hulɗa da makusantan shugabanni. Ka kwatanta kuɗin ruwan da ake biya a shekara da ribar aikin tashoshin. Idan kuɗin ruwa ya kusa cinye ribar, ka san inda labarin ya dosa tun kafin ka kai ƙarshensa. Benedek Broadcasting na Rockford a Illinois ya faɗaɗa da bashi a 1996 har ya haura tashoshi ashirin, kasuwar talla ta faɗi a 2001, a 2002 ya shiga kotun fatara, Gray ya sayi mafi yawan tashoshin kan kusan dala miliyan 500. Regent Communications ya shiga wannan kotun a 2010, ya fito da sabon suna, Townsquare Media. Takardun irin waɗannan shari'o'i suna tsarin PACER, rumbun takardun kotunan tarayya a intanet, kuma jerin masu bin bashi kaɗai ya isa ya nuna maka wa aka bari da asara.

Ka lura kuma da yadda tushen kuɗin talabijin ya juye. A da, manyan kafofi irin su CBS da NBC su ke biyan ƙaramar tasha don ta ɗauki shirye-shiryensu. Yanzu tashar ke biyansu. Abin da ya cike gurbin shi ne kuɗin da kamfanonin kebul ke biya don su ɗauki tashar, haƙƙin da dokar kebul ta 1992 ta bayar amma aka daɗe ba a karɓe shi da tsabar kuɗi ba. Nexstar, wanda Perry Sook ya kafa a 1996 da tasha guda a Scranton, shi ne ya ja daga a 2005, ya janye tashoshinsa daga kebul a garuruwa irin su Joplin da Abilene da San Angelo na tsawon watanni kan sai an biya. Wannan kuɗin, haɗe da tallan siyasa na shekarun zaɓe, shi ya sa ƙananan tashoshin talabijin suka yi daraja a idon manyan kamfanoni. Rediyo ba ta da irinsa. Wannan bambancin ya bayyana dalilin da kamfanonin da suka haɗa rediyo da talabijin suka yi ta rabuwa da ɗaya. Saga Communications, wanda Ed Christian ya kafa a 1986, ya sayar da tashoshin talabijin ɗinsa na Joplin da na Victoria ta jihar Texas ga Morgan Murphy Media a 2017 kan dala miliyan 66.6, ya koma rediyo zalla.

Akwai kuma tashoshin da kamfani ke gudanarwa ba tare da sunansa yana kan lasisi ba. Inda doka ta hana mallakar biyu a kasuwa ɗaya, sai wani kamfani ya riƙe lasisin, a ƙulla yarjejeniyar sayar da talla ko raba ma'aikata, tashoshin biyu su koma gini ɗaya. Haka Mission Broadcasting yake da Nexstar. Haka KFJX ta Joplin ta kasance kafin cinikin 2017: lasisin yana hannun Surtsey Media, KOAM ta Saga kuma tana gudanar da ita. Idan ka ƙirga lasisi kawai, za ka rage wa kamfanin girmansa na gaskiya. Yarjejeniyoyin suna cikin fayil ɗin jama'a na kowace tasha, wanda aka ɗora a intanet, na talabijin daga 2012, na rediyo daga 2016 zuwa 2018.

Kamfanin iyali wanda bai taɓa shiga kasuwar hannun jari ba ya fi wuya. A nan sai rajistar kamfanoni ta jiha, da takardun rabon gado a kotun gunduma, da sanarwar rasuwa a jarida.

Ka je garin

Duk abin da na lissafa a sama yana gaya maka wa ya mallaki me. Bai gaya maka abin da mai sauraro ya ji da ya kunna rediyo da asuba ba, kuma ni a wurina wannan ne ma'aunin kamfani. Tambayoyina ga kowace tasha kaɗan ne, kuma nakan yi su kan shekarar da ta gabaci ciniki da shekara uku bayansa. Mutum nawa ne a ɗakin labarai? Wa ke zuwa zaman majalisar gari da na hukumar makarantu? Ana watsa wasan ƙwallon makarantar sakandare? Ana karanta farashin hatsi da na dabbobi da sanarwar jana'iza? Da ƙarfe biyun dare akwai ɗan adam a ginin?

Kundin shekara na Broadcasting zai taimaka: idan sunan daraktan labarai ya ɓace daga jerin, ko mutum ɗaya ya bayyana a matsayin manajan tashoshi huɗu, ka samu alama. Amma tsofaffin ma'aikata su ne taska. Nemi injiniya kafin mai gabatar da shiri. Injiniyoyi sukan daɗe a tasha fiye da masu ita, kuma su ne suka san shekarar da aka daina sayen kayan gyara. Nemi matar da ta yi shekaru tana tsara jadawalin talla, domin ta san wane ɗan kasuwa ya janye da kuma dalilinsa. Ka tambaye su abin da suka gani da idonsu, ka nemi izininsu kafin ka ambaci sunansu, sannan ka gwada kowace shekara da suka faɗa da takarda. Mutum yana riƙe abin da ya faru daidai amma ya zame a shekara.

Ka kuma saurari ɓangare biyu ko da labarin ya yi maka daɗi. A Janairun 2002 jirgin ƙasa ya kauce daga layi a Minot ta North Dakota cikin dare, iskar ammoniya mai guba ta rufe unguwanni, mutum ɗaya ya rasu, da yawa suka jikkata. Clear Channel ke da tashoshin kasuwanci shida a garin. 'Yan sanda suka ce sun yi ta kiran KCJB, tashar da aka ware don sanarwar gaggawa, ba a ɗauka ba. Kamfanin ya ce akwai ma'aikaci a bakin aiki, kuma hukumomin garin ne ba su saita na'urar gargaɗinsu daidai ba. Ina da ra'ayi a kan abin da tara tashoshi shida a hannu ɗaya ke jawowa, kuma ba na ɓoye shi. Amma mai rubuta tarihi wajibi ne ya kawo maganar kowa, ya nuna wace takarda ta goyi bayan wace.

Da ka zo rubutu, kada ka jera ciniki bayan ciniki, mai karatu zai gaji a shafi na biyu. Zaɓi tasha ɗaya ka bi ta daga farko zuwa yau, sauran su riƙa shigowa ta gefenta. Ɗauki WNCT-TV. Roy H. Park, wanda ya yi kuɗinsa da kayan abinci masu tambarin Duncan Hines, ya saye ta a 1962 a matsayin tasharsa ta farko, yana gudanar da kamfaninsa daga Ithaca a jihar New York. A 1977 ya zama na farko da ya cika iyakar bakwai-bakwai. Ya rasu a 1993, aka sayar da kamfanin ga wasu masu zuba jari biyu, a 1997 Media General ya saye shi kan dala miliyan 710, a 2017 Nexstar ya haɗiye Media General. A kowane sauyi ka koma Greenville ka maimaita tambayoyin nan na ɗakin labarai. Duk adadin kuɗin da ka kawo ka sa shekararsa a gefe, kuma inda takardar FCC da jarida suka saɓa a kan kwanan wata, ka bi ta FCC, ka ambaci saɓanin a cikin rubutun.